Mai Wa'azin da Ya Sa Inna Ta Mayar da Naman Layya

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rifkatu, Kirista daga Gummi, kuma raina a ɓace yake.

Kowace Babbar Sallah maƙwabciyarmu Hajiya Luba takan aiko muna naman layya, mu kuma mu kai mata shinkafar Kirsimeti. Bana wani baƙon mai wa'azi ya ce a majami'armu duk wanda ya ci naman nan ya saida bangaskiyarsa. Inna, mahaifiyata, ta tsorata, ta mayar da kwanon ko buɗewa babu.

Bayan haka, da hawan jini ya kada Inna, ɗan Hajiya ne ya kai ta asibiti kan babur. Mai wa'azin kuwa ko sannu!

Wane Yesu ya koya masa ƙin maƙwabci? Jama'a, ku ba ni shawara: da wane ido zan kai shinkafar bana?