Ku Bar Mana Mai Kati a Kujerarsa

Assalamu alaikum. Shugaban kwamitin asibiti, likitanmu, malaman jinya, dattawan unguwa, iyayena mata da kuke zaune can baya, ina gaishe ku duka. Na gode da aka ba ni dama. Ni ba mai dogon karatu ba ce, in na yi tuntuɓe a yafe.

An tara mu ne a kan mai kati, yaron nan da ke zaune a taga yana sa wa kowace cuta lambarta. Wasu sun kawo ƙara, wai yana tona asirin gidaje, a cire shi. To ni ga abin da na gani.

Na farko, 'yata ce ta kwanta. Jiki zafi rau, kai kamar zai tsage, ga ƙuraje sun feso mata a ciki da baya. Muka yi ta ɗura mata maganin maleriya, shiru. Da muka kawo ta, likita ya ce taifus ne, ba taifod ɗin da muka saba ji ba. Wannan ƙwarƙwatar tufafi ke kawo shi. Ya canja magani, yarinya ta tashi.

Na biyu, lambar. Mai kati ya duba abin da likita ya rubuta, ya sa harafin A da saba'in da biyar, lambar taifus ke nan. Surukata, ga ta can, ita ta ce in faɗa, ta je ta same shi. Ta ce, "Ɗan nan, sa mata ta maleriya mana. Yarinya budurwa, a ce ƙwarƙwata? Wa zai sani?" Ya ce, "Iya, ƙwarƙwatar ta sani." Ta dawo tana faɗa har gida.

Jama'a, lambar nan ba a bango ake liƙa ta ba. Ofishin lafiya take tafiya, can ake ƙirgawa. Da suka ga ta fito daga layinmu, ta sake fitowa, ta kuma fitowa, sai ga ma'aikata da magani. Suka sa muka fitar da katifu rana, muka tafasa zannuwa da rigunan yara, aka bi ɗinkin kaya ana dubawa. Da ta maleriya ya sa, gidan sauro za a aiko mana, mu shige ciki mu da ƙwarƙwatarmu.

Na uku, kunya. Gidan haya muke, igiyar shanya ɗaya, yara suna kwana a jere. Wace ce a nan za ta rantse ba ta taɓa gani ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yanzu haka ɗan matar tela yana kwance a ɗakin can da irin wannan ciwon, kuma layinsu ba a je ba tukuna. In kuka cire yaron nan, wanda zai gaje shi ya riga ya koyi darasi: abin da aka roƙe shi zai rubuta. To wa zai je layin tela?

Shugaba, in an zo ɗaga hannu, ga nawa tun yanzu. A bar shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tashi kafaɗar ɗan matar tela, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.