Gawon Layin Teloli

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tela ne a kasuwar Mayahi. Tun hawan soja mulki wuta ke yawan ɗaukewa, hayaƙin injin ba da wuta ya ishe mu, sai muka ɗora farantan sola bisa rumfunanmu. Amma wani icen gawo yana tare musu rana, teloli suka ce in sare shi. Na ɗauko gatari, sai tsohuwar da ke saida nono ƙarƙashinsa ta ce, "Ɗana, fari ya bar mini saniya ɗaya. Inuwar ma za ka ɗauke?" Na aje gatarin. Yanzu kekunanmu na ɗinki na tsayawa tun la'asar. Masu sauraro, ya za mu samu wuta ba mu bar ta cikin rana ba? Ina gaida teloli, har waɗanda suka daina amsa sallamata.