Ba Jifa Ba Ne, Tsoka Ce Ta Yage

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Ni ne Malam Sabi'u, manomi daga yankin Ungogo, kuma yau raina a ɓace yake.

Ranar da muka fara yankan gero, akuya ta faɗa mini gonar wake. Na zabura zan tsallake kunya in kore ta, sai na ji kamar an maka mini dutse a sha-raɓa. Na waiga, ba kowa, ƙafa kuma ta ƙi takuwa.

Wana, Yaya Habu, yana jin haka ya ce, "Jifa ne! Aikin Ɗanladi ne, maƙwabcinka na gona." Mai ɗori ya murza, wanzami ya yi ƙaho, ƙafa ta ƙara kumbura. Sati uku ina kwance.

Da na gaji, na hau adaidaita sahu zuwa asibiti. Likitar gashin ƙashi ta duba ta ce, "Baba, tsoka ce ta yage, ba wanda ya jefe ka." Ta koya mini dafa bango ina ɗaga dunduniya a hankali, safe da yamma. Yanzu ina zuwa masallaci ba sanda.

Amma Yaya Habu har yau ba ya amsa sallamar Ɗanladi, mutumin da ya ɗaure mini gerona ina kwance! Don Allah Hajiya, ki gayyato likita ta yi bayani a shirin nan. Yayan nawa ba ya jin maganata, amma rediyo ba ta barin kunnensa.