Ayisi Ɗaya, Jiki Uku

Shugaban wannan zama, Alhaji Hammawa. Iyayenmu dattawan Danchuwa da suka baro gonakinsu suka zo. Shugabannin ƙungiyar masu haɗa kayan sola ta Potiskum. Injiniyoyinmu, masu takarda da masu jiran takarda. 'Yan'uwana masu rumfa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu a kore ni daga ƙungiya. Ba kowa ake yi wa wannan karamci ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Babakura, mai sayar da ƙananan kayan lantarki. An ce na kawo ayisi marar kyau, wato ɗan ƙaramin kayan lantarkin nan mai ƙafafu, shi ya sa fanel ɗin da ƙungiya ta zana domin famfon rijiyar Danchuwa, ɗan allon da ake dasa irin kayan nan a kai, ya ƙi haɗuwa, mata suka koma jan guga. To, ku saurara.

Na farko, iyayena, manhajar da ake zana fanel da ita tana da rumbu. A cikinsa kowane kaya yana da sunansa da sawun ƙafafunsa, kuma sawun da ke rumbu shi ake bugawa a fanel. Ayisin nan lambarsa ɗaya, aikinsa ɗaya, amma jikinsa uku: akwai mai dogayen ƙafafu da ke shiga rami, akwai mai gajeru da ake kwantarwa a liƙe da dalma, akwai ɗan mitsitsi da sai ka sa tabarau. Ni ba na zaɓa. Abin da motar Kano ta sauke, shi ne a kasuwa.

Na biyu, wannan duk na faɗe shi tun bara. Na zauna da Na'ima, wadda ke mana zane, muka auna jikunan nan, muka shigar da duka ukun ƙarƙashin suna ɗaya, domin duk mai zane manhaja ta tsayar da shi ta ce wanne, shi kuma ya ɗaga waya ya tambayi kasuwa. Sai Injiniya Kaumi, shugaban kwamitin rumbu, ya ga baƙi za su zo kallo, ya goge biyu ya bar mitsitsin, wai shi ne na zamani. Na ce, "Injiniya, mitsitsin nan fa ba kullum yake zuwa ba." Ya ce, "Babakura, wannan manhaja ce, ba rumfarka ba, da za a jibge komai a tabarma." Aka yi dariya. Wasunku na gane haƙoransu.

Baƙi sun zo, sun yaba, sun tafi. Aka zana fanel, manhaja ba ta tambayi kowa komai ba, don an cire mata tambayar. Aka aika aka bugo. Motar Kano ta sauke mai dogayen ƙafafu. Ƙafa na neman rami, fanel babu rami. Yau an ce laifin mai tabarma ne.

Na uku, ku kore ni. Wallahi ban zo roƙo ba. Amma wanda za ku koma wajensa, motar da ke sauke mini ita ke sauke masa, direban ma ɗaya ne. Ga jikunan nan uku na ajiye a teburin shugaba, kyauta. Ku mayar da su rumbu, Na'ima ta sake zane da wanda ke ƙasa. Sunana ku goge shi, Injiniya ya iya gogewa. Amma tsofaffin nan ba ƙuri'a suka zo kallo ba, ruwa suka zo tambaya, kuma tun safe ba wanda ya ce musu yaushe.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah ya ba shugabanninmu kunne. Allah ya kai ruwa Danchuwa kafin ƙungiyarmu ta gama neman mai laifi.

Na gode.