Tambaya Sau Biyu

A bencin asibiti, wani dattijo mai shagon kafinta yana jiran ma'aikacinsa da ake ɗinke wa hannu a ciki. Kusa da shi wani magidanci ne, hannunsa naɗe da bandeji.

"Sannu, ɗana. Mota ce?"

"Inji ne, Baba. A gidan buga littattafai nake aiki. Wuƙar yankan takarda ta tafi da yatsuna biyu."

"Subhanallahi. Ba a koya maka ba ne?"

"An nuna mini sau ɗaya. A wurinmu duk wanda ya tambayi abu sau biyu, maigida sai ya tara mutane ya ce a zo a ga mai ƙwaƙwalwar kifi. Ni da 'ya'yana huɗu. Na ga wani maɓalli ban gane shi ba, na yi shiru."

"Ai mu ma haka aka koya mana," in ji dattijon. "Ni a shagona ba na maimaita magana, kuma duk sun iya aiki."

"Wataƙila ɓoyewa suka iya, Baba. Ni ma maigidana ya ɗauka na iya."

Dattijon ya dubi ƙofar ɗakin da ake ɗinkin. Da safen nan ma'aikacin nasa ya tsaya gaban injin zarto, ya buɗe baki zai yi magana, shi kuwa ya ce masa, "Me kuma?" Ma'aikacin ya ce ba komai.

"Kai wa kake jira, Baba?"

"Wani ne," ya ce a hankali, "da ya so ya tambaye ni wani abu ɗazu."