Hannu Ɗaya Bai Yi Sakaci Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban hukumar gudanarwa, ranka ya daɗe. Babban daraktan gidan rediyonmu, shugaban kwamitin bincike da mutanensa, malamanmu, Baffa yayan marigayi, Hajiya mai ɗakinsa, 'ya'yansa huɗu da ke zaune a layin gaba, abokan aiki na tasha da na ofis, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Darakta ne ya zaɓe ni in yi magana a madadin ma'aikata, saboda ni ne mataimakin marigayi, shekara goma sha tara muna shiga ɗaki ɗaya. An ba ni takarda mai shafi biyu. Ga ta nan, an tsara ta da kyau, amma ba zan karanta ta ba. Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri. Kowa a zauren nan ya san gobe da safe kwamiti zai sa hannu a rahotonsa, kuma kowa ya ji abin da ke ciki tun kafin a buga shi. Wai babban injiniyanmu ya cusa hannu cikin inji bai sauke wuta ba. Wai sakacinsa ne ya kashe shi. In aka sa hannu, da wannan kalma za a rufe fayil ɗinsa, ita jikokinsa za su tarar. Saboda ita na miƙe. Amma ku bari ku fara sanin mutumin da ake shirin manna wa ita.

Mu a tasha ba ma kiran sa da sunansa. Hannu Ɗaya muke ce masa, kuma yana amsawa. Ga dalili. Muryar mai karanta labarai tana isowa wurinmu 'yar mitsitsiya, ko titi ba za ta iya tsallakewa ba. Aikinmu shi ne mu ɗora ta a kan manyan kwalabe biyu, kowace ta kai tukunyar gas girma, su ƙara mata ƙarfi har ta hau eriya ta je inda mota ba ta zuwa. Kwalaben nan wutar bolt dubu goma sha biyu suke ci. Shi ya sa in dai yana kusa da inji, hannunsa na hagu na cikin aljihu, don kada wuta ta shiga ta wannan hannu ta fita ta wancan, ta ratsa zuciya. Abin ya bi masa jiki. Hajiya, ke kika taɓa gaya mana ko ƙwan fitila zai canza a falo haka yake tsayawa, kamar wanda ke tsoron ɗan sane.

Ya kasance mutum mai kunne. Mu sai mun duba mita mu san akwai matsala, shi daga bakin ƙofa yake ji. Akwai ranar da aka kawo manyan baƙi, darakta na wancan lokaci ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana ta zuba bayani. Sai Hannu Ɗaya ya ɗaga yatsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan dakata, fankar hagu ta canza murya." Muka so ƙasa ta tsage mu shige don kunya. Ya kashe inji a gaban baƙi, ya buɗe, ashe bel ɗin fankar da ke sanyaya kwalba saura ƙiris ya tsinke. Da an ƙara minti biyar ana jawabi, da kwalbar ta narke.

Ya kasance mutumin da ba ya jiran a kawo masa daga waje. Lokacin da kamfanin da ya ƙera injin ya rubuto cewa ya daina yin kayansa, ofis ya ce sai dai a rufe tasha har a sami sabo. Ya juya tsohuwar kalanda, ya zana sashen ƙarshe na injin a bayanta, ya yi lissafinsa da fensir. Ya je wurin masu gyaran famfo ya zaɓo bututun tagulla, muka naɗe shi a jikin gungumen itace, zagaye bakwai da rabi. Na ce masa a cika takwas mana, rabin nan na mene ne? Ya ce, "Kai, in ka cika takwas, mutanen wata ƙasa za su ji mu, namu su ji shiru." Naɗin nan yana ciki har yau. Da shi muka yi kwana goma sha ɗaya ba mu kashe tasha ba shekarar da ruwa ya cinye gadoji, lokacin da rediyo kaɗai ke gaya wa mutane inda za su sami kwalekwale da inda aka kai 'yan'uwansu. Akwai waɗanda ke raye yau saboda wannan rabin zagaye, ba su ma san an yi shi ba.

Ya kasance mai faɗa, kada in yi muku ƙarya don ya mutu. Kuma duk faɗansa a kan abu ɗaya yake ƙarewa, wato sanda. A cikin injin akwai wasu manyan gwangwanaye da muke kira kafasita. Ko an kashe inji suna riƙe da wuta, yadda tukunya ke riƙe zafi bayan an sauke ta. Don haka a bango akwai wata sanda mai ƙugiyar tagulla a kai, da waya mai kauri da ta fita daga jikinta ta zagaya bayan inji, inda aka ɗaure ta da noti a ƙarfen da ke shiga ƙasa. Kafin ka taɓa komai, sai ka taɓa da sanda, ragowar wuta ta bi waya ta shige ƙasa. Dokarsa ita ce a taɓa sau uku, sannan a rataye ƙugiyar a jikin gwangwanin har a gama aiki. Ya taɓa korar ƙwararren da aka ɗauko da jirgi, saboda mutumin ya ce ai an kashe tun ɗazu, ba sai an taɓa ba. Ni kaina ya taɓa hana ni shiga ɗakin mako guda saboda na taɓa sau biyu. Na yi fushi har na daina gaishe shi, shi kuwa ko a jikinsa.

To ku gaya mini, wannan ne mai sakacin?

Kwana uku bayan rasuwar, babbar 'yarsa ta tare ni a ƙofar gida ina neman takalmina. Ta ce, "Kawu, kai kana wurin. Da gaske ne Baba bai taɓa da sanda ba?" Na sunkuyar da kai na ce, "'Yata, ban lura ba." Ta dube ni ta ce, "To, na gode," ta koma ciki. Mako uku ke nan wannan "na gode" bai bar ni na ji ɗanɗanon abinci ba.

'Yata, ƙarya na yi miki. Na lura.

Darakta, na ga ka miƙe. Don Allah ka zauna, saura kaɗan. Kai kuma mai kula da makirufo, kada ka rage.

Tun ranar Litinin ta makon da ya rasu injin ya fara abin da muke kira hauka. Kwalba ta daina bin muryar da aka ba ta, ta kama kukan kanta, allurar mita ta yi tsalle, inji ya kashe kansa. Ka kunna, ya yi awa guda lafiya, ya sake. Ranar Talata aka kira marigayi taro a hedkwata, ya bar mini tasha. Ni kuwa na ƙudurta kafin ya dawo zan kama matsalar, ko sau ɗaya in riga shi. Na zargi wani sashe da rashin haɗuwa da ƙasa sosai, ina bukatar waya mai kauri in gwada. Na duba sito babu. Sai idona ya faɗa kan wayar sanda. Na ɗauki sifana na zagaya baya, na kwance ta daga ƙarfen ƙasa, na yi gwajina da ita. Gwajin bai nuna komai ba. Ina cikin haka tarho ya buga daga situdiyo, saura minti huɗu labaran rana. Na tura wayar bayan inji, na rataye sanda a ƙusarta, na kunna, na ce bayan labarai zan ɗaure. Bayan labarai inji ya sake mutuwa, hankalina ya koma can. Ban ɗaure ba, ban rubuta a littafin aiki ba, ban gaya wa kowa ba. Daga gaba in ka duba, sanda tana nan lafiya, wayarta ta zagaya baya kamar kullum.

Laraba da ƙarfe goma na safe marigayi ya shigo. Ya shaƙi iska ya ce yana jin ƙauri daga ɓangaren wuta, kuma ya yi daidai, domin abin da ke tsotse ragowar wuta daga gwangwanayen ne ya ƙone, kwamiti ma ya gano haka. Ya ce in kashe, na kashe. Ina tsaye taku shida a bayansa. Ya buɗe ƙofa, hannun hagu a aljihu. Ya ɗauko sanda. Ya taɓa, ɗaya. Ya taɓa, biyu. Ya taɓa, uku. Babu tartsatsi, don wutar ba ta da hanyar bi. Ya rataye ƙugiya a jikin gwangwani. Ina kallon sa, wallahi ina kallon sa, abin bai faɗo mini a rai ba. Sannan ya ciro hannun hagu daga aljihu ya dafa ƙarfen ƙofa, saboda ya yarda da sandarsa, ya miƙa na dama.

Ba zan faɗi ƙarar da na ji a gaban 'ya'yansa ba.

Wannan kuskure ne, kuma da a nan abin ya tsaya, da sai in ce mantuwa ta ɗan'adam. Amma bayan an ɗauke shi a mota, na koma ɗakin ni kaɗai. Na zagaya baya na ga bakin wayar kwance a kan siminti. A nan na tuna. Na ɗauki sifana na ɗaure ta tamau. Na cire ƙugiya daga jikin gwangwani, na mayar da sanda ƙusarta a bango. Shugaban kwamiti, haka kuka tarar da ɗakin, kuma duk wanda ya tarar da shi haka abin da kuka rubuta zai rubuta. Ba ku yi zalunci ba, ni na shirya muku abin da za ku gani. Tsoro ne ya sa ni, tsoron kora, tsoron kotu, tsoron idon Hajiya. Na zaɓi in bar mamaci ya ɗauki laifina don ba shi da bakin musu.

Baffa, ƙaninka bai yi sakaci ba. Ka faɗa a cikin dangi da ƙarfi, ka ce mataimakinsa ne ya faɗa a gaban jama'a. Hajiya, shekara goma sha tara kina zuba abinci a kwano biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa. Ba zan roƙe ki gafara yau ba, ban kai ba, kuma ba na so kunyar taro ta sa ki furta abin da zuciyarki ba ta shirya ba. Ku 'ya'yansa, kada wanda ya ƙara sunkuyar da kai in an ambaci yadda mahaifinku ya rasu. Ya yi aikinsa daidai har numfashin ƙarshe. 'Yata, ga amsarki, ya taɓa sau uku.

Abokan aiki, mu da muka saura, daga yau kafin ka yarda da sanda ka bi wayarta da ido har noti. Wannan ce kaɗai ƙa'idar da bai koya mana ba, don bai taɓa zaton ɗayanmu zai kwance ta ba.

Ranka ya daɗe, ga makullan tasha na ajiye a kan tebur. Ina roƙon a dakatar da sa hannu, a kuma bar wannan jawabi ya zagaya yadda na faɗe shi, kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Na gode wa hukuma da ta tara mu, na gode wa malamai, na gode wa iyalinsa da suka zauna suka saurare ni har ƙarshe, alhali da sun tashi sun fita ba wanda zai ga laifinsu.

Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya duk wanda ya tsira saboda muryar da ya aika ya zama sheda a gare shi. Allah Ka zama gatan iyalinsa, Ka sanyaya zuciyar Hajiya, Ka raya zuriyarsa a kan gaskiya. Ni kuma, ya Allah, na san halina, na ga abin da tsoro ya sa ni. Ka ba ni ƙarfin maimaita wannan magana gobe a gaban kwamiti, a ɗakin da babu idon 'ya'yansa da zai hana ni canza ta.

Amin.