Hular da mijin 'yata ya miƙo min

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaisuwa daga Dangora.

Kullum ina faɗa da masu kallon katun, ina cewa aikin yara ne. Ranar Asabar ruwa ya kora ni gidan kallo, na tarar ana nuna kashi na biyu na katun ɗin wani jarumi mai tashi sama. Da mugun katun ɗin ya kayar da shi, sai ga ni tsaye ina ihu: "Tashi, ɗana!" Har hulata ta faɗi.

Ashe mijin 'yata na cikin 'yan kallo, shi ne ya durƙusa ya miƙo min ita, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, bai mutu ba."

Yanzu in na hango shi sai na sauya hanya. Jama'a, da wane ido zan amsa gaisuwarsa?